Abrar da Dattijon Japan

Malumfashi zuwa Kano

Tun kafin kiran sallar farko na fito ƙofar gida da akwatina, maigidana Malam yana biye da ni da ƙullin kuka da daddawa, saƙon matar yayana. Direban da muka yi alkawari da shi bai iso ba sai da aka idar da sallar asuba. Ya ce taya ce ta yi faci. Na dubi tayoyin, duk huɗun sun suɗe kamar tafin hannu, ban ma san wacce zan zarga ba.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Umra na tafi yi, kuma na yi ta da zuciya ɗaya, amma akwai wata magana a gefe. Yayana Sani ya tafi Jidda tun ina makarantar horon malamai, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar wani gidan Larabawa. A can ya yi aure, a can ya haifi 'ya'yansa. Bara tsohon da yake kafilinsa, wato wanda iznin zamansa yake hannunsa, ya rasu, magada suka ce ba za su sabunta masa iƙama, wato takardar zama, ba. Yaya da matarsa Hauwa sun haƙura sun fara ɗaure kaya. Manyan 'ya'yan suna gidajen aurensu. Saura auta, Abrar, mai shekara ashirin da ɗaya, wadda ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Ita ta ce ba inda za ta. In sun tafi za ta koma unguwar Kurayyat wurin ƙawarta ta zauna ba takarda, in an kama ta shi ke nan. Daga nan ta ja ƙofa ta rufe, ta daina yi wa ubanta magana.

Da Yaya ya kira ni, cewa ya yi, "Rabi, ke kin iya da yara, shekara da shekaru kina shugabar makaranta. Zo ki yi mata magana, ni na gaza."

Na ce masa wannan ai aikin yini ɗaya ne.

Tsakanin Dayi da Gwarzo mun tsaya a shinge fiye da yadda zan iya ƙirgawa. A na ƙarshe jami'in ya leƙo ya ga farin hijabina ya ce, "Hajiya, a saka mu a addu'a a gaban Ka'aba." Bakinsa yana wajena, hannunsa yana wajen direba. Na ce masa zan saka shi, kuma na cika alkawari, sai dai ba zan faɗi abin da na roƙa masa ba.

Jirgin da aka ce zai tashi da hantsi bai ɗaga ba sai bayan la'asar. Ba wanda ya fito ya ce mana komai.

Jidda da Makka

Da na fito daga filin jirgin Jidda sai na ji kamar an lulluɓe ni da jiƙaƙƙen bargo. Zafin garinmu bushewa yake sa mutum, nasu kuwa narkarwa yake. Aka ɗauki hoton yatsunmu, aka zuba mu a bas sai Makka. Ba zan tsawaita a nan ba. Wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah Ya kai shi. Na yi ɗawafi, na yi safa da marwa, na yi kuka iya kukana, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da na sallami Ɗakin Allah sai na shiga motar haya na komo Jidda, abokan tafiya suka wuce Madina.

Sharafiyya

Gidan Yaya yana hawa na uku a wani tsohon bene a unguwar Sharafiyya, ba na'urar hawa, ƙasansa shagunan waya ne da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Na same shi ya tsufa fiye da hotunansa. Rabin falon kwalaye ne a ɗaure. Hauwa ta kawo mini ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi mai zafi, da shayi mai na'ana'a. Ta buɗe ƙullin daddawa ta shinshina, sai ga hawaye.

Abrar ta fito gaishe ni. Doguwa ce siririya, kamar uwarmu ta dawo duniya. Ta sumbaci goshina ta ce, "Amma."

Na tsaya ina jira ta ƙarasa.

Na ce, "Amma me?"

Hauwa ta yi dariya ta ce ai haka Larabawa suke kiran gwaggo. Har na baro garin ban saba ba. Duk sanda yarinyar nan ta kira ni sai in ji kamar musu za ta fara, kuma yawanci musun ne.

Ɗakinta ba masaka tsinke a bango, duk hotunan wasu mutane ne masu idanu kamar faranti, gashi shuɗi da kore. Na ce mata katun ne. Ta ce a'a, anime ne, na Japan, kuma ba na yara ba ne. Wasu ma ita ta zana su a wani allo na lantarki. Tun da ta gama sakandare ba ta samu shiga jami'a ba, sai ta koma yi wa mutane zane ta intanet.

Na zauna bakin gado na yi mata jawabin da na shirya tun daga Malumfashi. Na ce gida gida ne. Na ce Nijeriya yanzu akwai komai, Kano akwai manyan kantuna kamar na nan, dangi suna ɗokin ganinta, ba abin da za ta rasa. Na kawo hadisi a kan biyayya ga iyaye. Na yi magana har maƙogwarona ya bushe.

Ta ce, "Tayyib."

Washegari na sake. Ta ce tayyib. Na tambayi Hauwa ma'anarsa, ta ce "to" ne. Ni kuwa na san irin wannan "to" ɗin, na sha jin sa a bakin malaman da ba su da niyyar zuwa aji.

Bab Makka

Ran nan na ja Abrar rakiyar sayen tsaraba a Bab Makka. Kasuwa ce mai ƙamshin turare da soyayyen kifi, Hausa tana tashi ta ko'ina kamar kana Kantin Kwari. Mun sayi dabino da kallabi da zobban azurfa na jikoki. Muna tsaye wurin wata dattijuwa Bakatsiniya da ta shimfiɗa gyaɗa da kwalli a ƙasa, sai wani ya wuce ya raɗa wata kalma, alamar masu kamen marasa takarda suna tafe. Kafin in juya, matar ta tattare bakin zanen da kayan ke kai, ta saɓa a kafaɗa ta shige lungu, ta bar takalminta ɗaya.

Na ga dama ta samu. Na ce, "Kin gani ko? Rayuwar da kike so ki zaɓa ke nan."

Abrar ta sunkuya ta ɗauki takalmin ta ajiye shi gefen bango inda matar za ta gan shi. Ta ce, "Na sani, Amma. Na fi ki sani. Amma nan in na rufe ido ina ganin gobe, ko da mummuna ce. Can in na rufe ido ba komai. Fari kawai."

A hanyar komawa ta ce akwai wani taron matasa a bakin teku, an gayyato wani darakta daga Japan, wanda finafinansa ne suka sa ta fara zane. Ubanta ba zai bar ta ta je ita kaɗai ba, ita kuma ba za ta roƙe shi ba. In na raka ta, za ta saurare ni da gaske. Na ce na ji. A raina na ce da girmana da furfurata, daga gaban Ka'aba sai wurin 'yan katun.

Bakin teku

Yaya ya aro motar maƙwabcinsa ya kai mu bayan la'asar. Tafiyar da nisa, can arewacin gari. Shi da 'yarsa ba wanda ya ce uffan, ni ce na cika motar da surutu kamar rediyo. Da muka isa ya ce zai jira mu a mota.

Abin da na gani a wurin nan sai wanda ya gani. Samari da takubban kwali, 'yan mata da kunnuwan kyanwa a kan ɗankwali, wani ƙato ya shafe fuska da ja yana shan lemo ta tsinke. An duba jakata, an ɗaura mini wata leda a hannu kamar jaririn asibiti. Zauren kuwa sanyi kamar cikin firji. Ƙafafuna suna zugi, ga kujerun ƙanana.

Sai ga daraktan ya fito. Dattijo ne ɗan ƙanƙani, gashi fari, rigarsa duk ta yamutse. Yaran nan suka miƙe suna tafi kamar za su rushe ginin, shi kuwa sai sunkuyar da kai yake kamar mai neman gafara. Yana magana da Japananci, wata mata tana mayarwa Larabci, Abrar tana raɗa mini da Hausarta mai ɗingishi.

Ta ce, "Ya ce yana yaro, in malami ya ce su zana duniyar nan gaba, kowa sai ya zana motoci a sama da gidaje a kan wata. Yanzu yaran da suke zuwa koyon aiki wurinsa, in ya ce su zana nan gaba, sai su zana, ya'ani, gidan da ya fashe, ba kowa."

Na ce, "Kango."

"Kango. Ciyawa ta fito a titi. Wasu kuma su miƙo masa takardar ba komai a kai."

"To sai ya yi musu faɗa?"

"A'a. Ya ce ba lalaci ba ne. Ya ce su manya ne suka ci rabonsu suka haɗa da na yaran, sannan suna tambayar me ya sa yaran ba sa murna."

Na gyara zama. Ta ci gaba, "Ya ce ba zai ce mana komai zai yi daidai ba, don bai sani ba. Ya ce yaro yana gane ƙarya tun kafin babba ya gama ta."

Nan fa raina ya fara ɓaci. Mutumin da ƙasarsu ba a ɗauke wuta, jirgin ƙasa ba ya makara, ya keto duniya ya zo ya zauna a gaban 'ya'yan mutane yana tabbatar musu da baƙin cikinsu. Mu an koya mana ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah. Na zo in ciro yarinya daga rami, ga shi na kawo ta da ƙafata wurin mai ƙara masa zurfi. Na yi tsaki har na gabana ya waiwayo.

Wani saurayi ya tambaye shi me ya sa a finafinansa matasa ba sa cin nasara. Ya ce shi bai iya zana nasara ba, bai san kamanninta ba. Abin da ya iya shi ne washegari, lokacin da abin tsoron ya riga ya faru, mutum ya farka ya tarar har yanzu yana jin yunwa. Abrar ta faɗa mini wannan, daga nan ta daina fassara. Na zungure ta, ko motsi. Can sai na ga ta ɗaga hannu.

Aka miƙo mata abin magana. Ta miƙe ta yi Larabci, ban tsinci komai ba sai kalmar Nijeriya. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce: a garin nan aka haife ta, amma ba nata ba ne, za a kai ta wata ƙasa da ake cewa tata ce, ita kuma in ta yi ƙoƙarin hango kanta a can ba ta ganin komai. Yaya mutum zai yi?

Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya yi magana gajeriya. Wata yarinya mai kunnen kyanwa da ke zaune gefena ta juyo ta ce mini da Hausa tsaf, "Hajiya, ya ce bai sani ba." Ashe 'yar gida ce. Saura kaɗan in miƙe in ja hannun Abrar mu fita.

Sai ya ci gaba, mai kunnen kyanwa tana ba ni. Ya ce shi ma in zai fara fim ba ya ganin garin. Don haka ba ya farawa da gari. Yana farawa da abin da ƙafar yarinyar fim ɗin za ta taka in ta sauko daga gado, da inda haske yake shigowa, da ƙarar farko da za ta ji. In bai sani ba sai ya tambayi wanda ya taɓa kwana a wurin, in kuma mutumin ya faɗa masa mai daɗi zalla, sai ya rabu da shi ya nemi wani. Ya ce wannan ba zai sa wurin ya yi kyau ba, amma zai zama wuri. Sannan ya tambaye ta ko tana da wanda za ta tambaya.

Abrar ta nuna ni. Kafin in ankara fuskata ta cika wani ƙaton allo a bango, bakina a murguɗe yadda tsaki ya bar shi. Zauren ya ɗauki tafi. Dattijon ya miƙe ya sunkuya mini. Na rasa yadda zan yi, na ɗaga masa hannu kamar mai tsayar da ɗan acaɓa.

Hanyar komawa

An yi magariba muka fito. Mota ta ɗauki hanya, ina shirya faɗan da zan yi, sai na ji daga baya, "Amma, in na sauko daga gado a Malumfashi, me zan taka?"

Har na buɗe baki zan ce tayil. Ɗakin da na tanadar mata kuwa siminti ne da aka shimfiɗa wa leda. Na ce, "Leda. Ta ɗan yage daga bakin ƙofa."

"Ƙarar farko fa?"

"Kiran salla, daga masallatai uku, kuma ba sa taɓa farawa tare. Bayan shi injin markaɗen maƙwabciyata."

Yaya, wanda bai san me aka yi a ciki ba, ya tsoma baki ya ce, "Da kurciyoyi a kan tsamiya."

Na ce, "Wace tsamiya? An sare ta tuni, shagon cajin waya ne a wurin."

Ya ce wa ya sare, da iznin wa. Na ce da ya zo ya hana. Ya ce tsamiyar kakanmu ce. Na ce ita ce ta kusa rushe katanga. Muka kaure kamar muna yara, har muryata ta fara tashi.

Sai Abrar ta ce, "Baba, yaya girman tsamiyar?"

Rabon da ta yi wa ubanta magana tun kafin azumi. Yaya ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce mutum uku ba sa zagaye ta da hannu. Ya fara ba ta labarin yadda ya faɗo daga kanta ya karye. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙi a Jidda, ranar sai da ya wuce kwanar Sharafiyya, muka yi ta zagaye.

Sauran kwanakina

Ban ƙara hutawa ba. Yarinyar da na yi ta fama in ji muryarta ta koma ba ta barina in sha shayi. Ana kawo wuta kullum? Na ce a'a. Ruwa fa? Na ce 'yan garuwa. Sauro? Na ce kamar an aiko su. Mace tana fita ita kaɗai? Intanet tana kaiwa cikin ɗaki, ko sai an fito tsakar gida? Za a yi dariyar Hausarta?

Na ce, "Za a yi. Jikokina ne ma za su fara."

In na ɗan shafa wa amsa mai, sai ta dube ni ta ce, "Amma, in nemi wani?" Wato ni dattijon Japan ya mayar abar tuhuma. Ranar da na gaya mata babu teku, kuma ba za ta iya zuwa ganin yayyenta duk sanda ta so ba, ta yi kuka sosai. Ban rarrashe ta da ƙarya ba. Na zauna kusa da ita har ta gama.

Ana gobe zan tafi ta nuna mini zane a allonta. Ɗakin ne, har da yagewar ledar, da gidan sauro, da wata doguwar yarinya zaune bakin gado ƙafarta ɗaya a ƙasa. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan ledar.

Na ce, "Nan kin yi kuskure. Tagar tana arewa, katangar maƙwabta take kallo. Bangon gabas ba taga."

Ta ce, "Na sani, kin faɗa. Wannan ni na sa."

A filin jirgi ta riƙe hannuna ta ce, "Zan zo tare da su. Ban ce yana da kyau ba, kuma ban ce zan zauna har abada ba. Amma yanzu ina ganinsa." Yaya yana gefe yana ta gyara igiyar akwatina da ba abin da ya same ta.

Gida

Jirgin dawowa ma ya makara, akwatina kuma ya fito da ƙafa ɗaya a karye. Na kwana Kano wurin ƙanwar Malam, da safe na kama hanya, na iso Malumfashi ana kiran azahar, ba wuta.

Kafin in raba tsaraba na aika a kira magini. Malam ya same mu a ɗakin baƙi, mutumin yana auna bangon gabas. Ya ce, "Rabi, lafiya? Daga dawowa umra sai fasa gini?" Na ce masa labarin da tsawo, ya bari in sha ruwa. Ledar kuwa na ce kada a taɓa ta sai mai ɗakin ta zo ta gani.

Har yau ban yarda da dattijon nan a kan maganar yanke ƙauna ba, kuma da ina jin Japananci da na gaya masa. Ina dai yi masa fatan shiriya. Na gode wa Hauwa da ta yi ta gasa mini ƙafa, da yarinya mai kunnen kyanwa da ban tambayi sunanta ba, da Malam da ya bar ni na fasa masa bango. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Su Yaya suna tafe bayan babbar salla, Allah Ya kawo su lafiya.